Idan sulhu ya haifi sabuwar rigima: jagora ga kwamitin ƙorafi kan sirri da haɗin kai

Shekara huɗu na yi ina sakataren kwamitin sulhu na wata ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, irin wadda ake cire wa kowa wani abu daga albashi duk wata, a riƙa ba da rance bi da bi. Ƙorafin da ya fi koya mini aiki ƙarami ne da farko. Wata malama ta ce ma'aji ya tsallake ta a layin rance har sau biyu. Da muka keɓe da ita sai ta faɗi abin da ya matsa mata: rashin lafiya ce a gidanta, wadda ko dangi ba su gama sani ba. Kwana uku bayan nan maganar ta zagaye ofis, har wata ta je yi mata jaje. Malama ta janye ƙorafinta cikin fushi. Ma'aji ya ce ba zai ƙara zama gaban kwamitin da ba ya riƙe bakinsa ba. Ciyaman kuwa ya aiko a ba shi duk abin da muka rubuta, wai zai miƙa wa kwamitin ladabtarwa. Rigima ɗaya muka zauna kashewa, muka tashi da uku.

Da muka bi diddigi, ba mugunta ba ce ta jawo. Ɗaya daga cikinmu ne ya gaya wa ma'aji don ya tausaya ya ba ta rancen, shi kuma ma'ajin, mai zarginmu da sakin baki, ya gaya wa mataimakinsa. Kowannenmu ya ce mata "wannan tsakaninmu ne", amma ba mu taɓa zama mun yanke su wa ke cikin wannan "mu" ɗin ba. Matakan da ke ƙasa daga wannan ɓarna muka fara tsara su.

Mataki na ɗaya: a tantance, sulhu ne ko bincike

Kafin a kira kowa, mutum biyu daga kwamiti su karanta ƙorafin su amsa tambaya ɗaya: mai ƙorafin gyara yake nema tsakaninsa da wani, ko kuwa laifi ne aka yi wa ƙungiya wanda ke buƙatar hukunci?

A sulhu mutum yakan saki jiki ya ce "gaskiya na yi kuskure a nan", domin ya san ba za a ɗauki kalmarsa a buga masa ba. A bincike kuwa duk abin da ya faɗa fayil zai shiga. Idan kwamiti ya gwama su, duk mai wayo zai kama bakinsa, sannan a rubuta masa cewa ya ƙi ba da haɗin kai. Yawancin waɗanda na ga an yi wa wannan tambari ba taurin kai ke damunsu ba, ba su san ko gaban dattawa suke ko gaban alƙali ba ne.

Akwai abubuwan da ba su shiga sulhun cikin gida ko da mai ƙorafin ya roƙa: satar kuɗin ƙungiya, duka da rauni, fyaɗe, cin zarafin yara, da babba ya matsa wa na ƙasa da shi da neman lalata. Malamai sun kawo hadisin da ke cewa sulhu halal ne tsakanin Musulmi, sai dai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Rufa-rufa a kan irin waɗannan ba ta shiga cikin halal ɗin.

Doka ma tana nan a kan haka. A watan Fabrairun 1983 ɗalibai suka yi bore a Jami'ar Maiduguri, aka yi ɓarna. Jami'a ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mataimakin shugabanta, wanda shi kansa ɓarnar ta shafa, aka kori wasu ɗalibai. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar, a shari'ar da lauyoyi ke kira ta Garba da Jami'ar Maiduguri. Dalilanta biyu suna da amfani ga kowane kwamiti: wanda abu ya shafa ba ya zama alƙali a kansa, kuma manyan laifuffuka na kotu ne, ba na kwamitin cikin gida ba.

Mataki na biyu: wa zai shiga tsakani

Mutum biyu sun isa, uku in ya yi yawa. Duk kunnen da aka ƙara, baki aka ƙara. Kada a sa shugaban ɗayansu a wurin aiki, ko surukinsa, ko wanda ke zaune a kwamitin ladabtarwa. A gaya wa ɓangarorin sunayen tun da wuri, a ba kowa damar ƙin mutum ɗaya ba tare da an tambaye shi dalili ba. Idan mai ƙorafin mace ce, a sa mace a ciki.

Mataki na uku: a faɗi iyakar sirri kafin kowa ya buɗe baki

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kai. Sirrin sulhu hawa uku ne, kuma kowanne sai an yi masa magana daban.

Hawa na farko shi ne tsakanin masu rigimar su biyu. Mai shiga tsakani yakan keɓe da kowa shi kaɗai, kuma a nan ake faɗin abin da ke cin rai. Shin zai iya kai wa ɗayan abin da ya ji? Mutane sun ɗauka amsar a fili take, alhali ba haka ba ne. Tsarin doka na samfuri da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da dokokin kasuwanci ta fitar a 2002, ta sabunta a 2018, ya ce mai shiga tsakani yana iya gaya wa ɗayan ɓangaren jigon abin da ya ji, sai fa in wanda ya faɗa ya gindaya sharaɗin a ɓoye. A ganina wannan bai dace da mutanenmu ba. Bahaushiya ba za ta tsaya tana cewa "na gindaya sharaɗi" ba. Za ta rage murya, ta waiga ƙofa, kuma a wurinta ta gama faɗa. Hadisi ma ya zo da cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiga, to amana ce. Saboda haka mu muka juya ƙa'idar: duk abin da aka faɗa a keɓe a rufe yake, sai wanda mai shi ya ce a kai. Kafin a tashi daga keɓewar sai a tambaya: "Malama, cikin abin da kika faɗa mana, wanne kika yarda mu kai masa?" A maimaita mata shi da baki ta ji, ta ce e. Da mun yi wannan tambaya ta minti ɗaya, da ba a je yi wa baiwar Allah jaje ba.

Hawa na biyu tsakanin kwamiti ne da shugabannin ƙungiya. Ciyaman yana da haƙƙin sanin abu uku: an shigar da ƙorafi, an zauna ko ba a zauna ba, an daidaita ko ba a daidaita ba. Idan yarjejeniyar tana buƙatar sa hannunsa, kamar a maido da wani layin rance, sai a nuna masa wannan sashen kawai. Wa ya yi kuka, wa ya amsa laifi, wa ya fara tayin rangwame, duk ba nasa ba ne.

Hawa na uku shi ne duniyar waje: kotu, 'yan sanda, hukuma. A watan Mayun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar tarayya ta sasantawa da shiga tsakani, wadda ta maye gurbin ta 1988. Ta ɗauki abin da aka tattauna a zaman shiga tsakani a matsayin sirri, ta kuma hana a kawo tayin da wani ya yi ko abin da ya amsa a wurin a matsayin hujja a shari'a, tare da togaciya, kamar inda doka ta wajabta bayyanawa ko ake neman aiwatar da yarjejeniyar. Sashe na 196 na Dokar Shaida ta 2011 shi ma ya kare takardar neman sasantawa idan an sa mata alamar da lauyoyi ke sawa a samanta, mai ma'anar "ba tare da tauye haƙƙi ba". Duk da haka kada kwamitin cikin gida ya jingina da dokar kaɗai; ya rubuta nasa sharaɗin a sa hannu. Kuma a gane cewa sirrin magana yake karewa. Rasit ko littafin ajiyar kuɗi da yake nan tun kafin zaman ba ya zama sirri don an ɗora shi a teburin sulhu. Ko a Ingila, inda aikin shiga tsakani ya kafu sosai, a 2009 wata babbar kotu ta ƙi janye sammacin da aka aika wa wata mai shiga tsakani don ta ba da shaida, saboda wani kamfani ya ce matsin lamba aka yi masa ya sa hannu.

Ma'ana, kada a taɓa cewa "babu wanda zai ji wannan har abada". Alkawari ne da ba a iya cikawa. Ga yadda muke buɗe zama:

"Alhaji, Malama, abin da za ku faɗa a nan amana ne a wuyanmu. Ba za mu kai wa ciyaman ba, ba za mu kai wa kwamitin ladabtarwa ba, ba za mu kai gida ba. Amma abu uku ba za mu iya rufewa ba: idan muka ji ran wani ko lafiyarsa na cikin haɗari, idan an cuci yaro, ko idan an taɓa dukiyar ƙungiya. In ɗayansu ya taso za mu tsayar da zaman mu gaya muku inda za mu kai shi, kafin mu kai. Haka kuma in kotu ta kira mu, za mu je. Kun yarda mu ci gaba a haka?"

A rubuta wannan a shafi ɗaya, da Hausa, a karanta wa wanda ba ya karatun boko, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, har da 'yan kwamitin. A ƙara layi guda: kowane ɓangare ya ambaci mutum ɗaya ko biyu da zai yi shawara da su, miji ko mata ko lauya ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. Hana mutum gaya wa matarsa doka ce da za a karya tun daren farko, gara a san da ita.

Sai mai ƙorafin da ke cewa "kada a faɗi sunana". A sulhu wannan ba ya yiwuwa, don ba a sasanta mutum da wanda bai sani ba. A bincike ma, jin ta bakin wanda ake zargi ginshiƙi ne, shi ne ruhin sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999, kuma ba ya iya kare kansa sai ya san abin da ake zarginsa da shi. Abin da mai ƙorafin ke tsoro a gaskiya bita-da-ƙulli ne. To a yi maganin wannan: a rubuta cewa duk canjin wurin aiki, takardar tuhuma ko hana alawus da ya same shi cikin watannin da ke biye, sai wani wanda ba ya cikin rigimar ya duba kafin ya zauna.

Mataki na huɗu: takarda da waya

Wayoyi a kashe su a ajiye kan tebur, na kowa da kowa. Ba a naɗar murya. Ba a buɗe wa shari'ar zauren WhatsApp, domin hoton allo ɗaya ya isa ya rusa aikin wata guda. Mutum ɗaya ne ke rubutu, da biro, kuma a yanke tun farko cewa za a yaga wannan rubutun a gaban ɓangarorin idan an gama. Abin da ke shiga fayil uku ne: takardar ƙorafi, takardar sirri, da yarjejeniya ko sanarwar cewa ba a daidaita ba. Fayil a kabad mai makulli. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, don haka takardar asibiti a duba a mayar wa mai ita, kada a yi hotonta.

Mataki na biyar: idan wani ya ƙi zuwa ko yana jan ƙafa

Kalmar "haɗin kai" abu uku take ɗauke da su, kuma rigimar tana tasowa ne idan an cure su wuri guda. Akwai miƙa takardun ƙungiya: ma'aji ba shi da ikon riƙe littafin rance, ba nasa ba ne, kuma ƙin bayarwa laifi ne da ake iya hukuntawa. Akwai zuwa zaman farko a ji bayani: ƙungiya na iya wajabta wannan idan tsarin mulkinta ya tanada. Sai yarda da sulhun kansa, wanda ba a tilasta wa kowa. Wanda ya zo ya saurara ya ce "na gode, ni hukunci nake so", ya ba da haɗin kai.

Wata shari'a daga yankin Wales ta nuna wannan bambanci. Wani mutum ya kai ƙaramar hukumar Merthyr Tydfil ƙara saboda wata muguwar ciyawa da ya ce ta ratso gidansa daga filin hukumar. Hukumar ta ce ai tana da tsarin sauraron ƙorafi na cikin gida, ya kamata ya fara bi ta nan. A watan Nuwamban 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kotu na da ikon dakatar da shari'a ta tura mutane su gwada sasantawa, muddin ba a toshe musu hanyar dawowa gaban alƙali ba. Abin lura shi ne sukar da mutumin ya yi wa tsarin: babu ɗan ba-ruwanmu a ciki, kuma babu wa'adin gamawa. Duk kwamitin da ake guje wa ya fara duba kansa da waɗannan biyun kafin ya zargi mai gudun.

A aikace, ga yadda muke yi. Gayyata ta farko da baki, mutum ɗaya ya je ya same shi, ba a gaban jama'a ba: "Yallaɓai, akwai 'yar magana da ta shafe ka, muna so mu ji naka ɓangaren kafin ta yi nisa." Idan ya ƙi, a tambaye shi me ya sa, da gaske, don amsar takan zama abin gyarawa: bai yarda da wani a kwamitin ba, ko yana ganin raini ne a zaunar da shi da yaronsa, ko yana tsoron a yi amfani da kalmarsa. Na biyun yana da yawa a wurinmu. Maganinsa a fara da zaman keɓe, mai shiga tsakani yana kai-komo, sai an kusa daidaitawa a haɗa su. Idan duk bai yi ba, sai takarda mai kwanan wata da wa'adi. Mu mako biyu muke bayarwa. Wa'adi ya cika, a rufe sulhu a mayar da ƙorafin hanyar bincike. A rubuta "ba a samu zama ba", kada a rubuta "ya nuna taurin kai". Kuma kada a ɗauki ƙin zuwansa a matsayin amsa laifi.

Ɗaya gefen ya fi ɓoyuwa, kuma ya fi damuna. Shi ne ƙaramin ma'aikaci ko bazawara da aka tara wa manya, kowa na cewa "a yi haƙuri, a bar wa Allah", har ta sa hannu don kunya. Wannan ma rashin haɗin kai ne, na kwamitin. Allah Ya ce sulhu alheri ne, amma a Suratul Hujurat, inda Ya yi umarnin a sasanta ɓangarori biyu, Ya haɗa da cewa a yi da adalci. Haƙurin da za a nema a wurin mai rauni kaɗai ba sulhu ba ne. Muna ba kowa kwana biyu ya tafi da daftarin yarjejeniya gida kafin ya sa hannu, kuma mun sha ganin an dawo da gyara.

Mataki na shida: idan magana ta fita

A tsayar da zama nan take. A je wurin wanda aka tona wa asiri kafin ya ji a bakin wani, a gaya masa abin da ya fita da iya inda ya kai. 'Yan kwamiti su fara tambayar kansu, ba sakatare ko masinja ba. Idan daga cikinsu ne, ya ba da haƙuri ido da ido, ya sauka daga wannan shari'ar. Idan ɗaya daga ɓangarorin ne ya yaɗa, wannan sabon ƙorafi ne mai zaman kansa, kada a cusa shi cikin tsohon. Sannan a bar wa wanda aka cutar zaɓi: a ci gaba da sababbin mutane, ko a rufe. Magana zarar bunu ce, don haka kada a ɓata lokaci wajen alkawarin mayar da ita; sanarwar "a daina yaɗa jita-jita" a taron ma'aikata ƙara mata kafa take yi.

Shi kuwa shugaban da ya ce a kawo masa fayil, amsarsa tana cikin takardar da aka sa wa hannu. Na taɓa tsayawa gaban namu na ce: "Ranka ya daɗe, da sunan ƙungiya muka yi musu alkawari. In muka ba ka wannan, gobe babu wanda zai zo gabanmu, duk a teburinka za su tare." Bai ji daɗi ba, amma ya bari. Idan yana ganin akwai laifi, ya kafa bincikensa da mutanen da ba su zauna a sulhun ba, su nemi takardun ƙungiya daga inda suke ajiye.

Mataki na bakwai: yarjejeniya da rufewa

A rubuta wa zai yi me, nawa, zuwa wace rana. "Za su zauna lafiya" ba sharaɗi ba ne. "Za a sa ta a farkon layin rancen watan gobe" sharaɗi ne. Kada a sa tarihin rigimar ko amsa laifi a ciki, sai in su biyun sun so. A ƙara jimla guda da suka amince a faɗa wa duk mai tambaya, misali "an zauna, an daidaita", domin za a tambaya.

Idan ba a daidaita ba, a nuna wa mai ƙorafi ƙofa ta gaba, kuma a yi da sauri saboda wa'adi na tafiya. Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975, kyauta take aiki, amma dokarta ta hana ta karɓar ƙorafin da ya wuce wata 12 da faruwar abin. Rigimar ma'aikaci da mai aiki ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, wadda ta buɗe cibiyarta ta sasantawa a 2015. Akwai kuma cibiyoyin sulhu da ke ƙarƙashin manyan kotuna, ta Legas tun 2002, ta Abuja 2003, ta Kano 2009, inda mai shiga tsakanin ba ɗan ƙungiyarku ba ne kuma ba ya cin tuwo da ciyaman.

Bayan wata guda da sa hannu, mutum ɗaya daga kwamiti ya kira kowane ɓangare daban, ya tambaya ko an cika abin da aka rubuta, ya sa kwanan watan kiran a bayan takardar, sannan a kulle fayil.